KUNDIN AYYUKA NA INTANET: HANYAR ADANA HAUSAR DA AKE KOYA A WAJEN AJI

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Abuja ya san cewa Hausa ba ta tsaya a aji ba. Da ita ake ciniki a kasuwar Wuse da ta Garki, da ita ake lodi a tashar Zuba da ta Jabi, da ita kuma ake taya kaya a Dei-Dei da Gwagwalada. Da yawa daga cikinmu masu nazarin Hausa a wannan yanki ba a nono muka sha ta ba. Akwai Gbagyi da Gade da Koro da Bassa, akwai kuma waɗanda aikin gwamnati ya kawo iyayensu bayan an dawo da babban birni daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991. A bakin maƙwabta da abokan wasa muka fara tsintar harshen kafin mu zo jami'a mu san nahawunsa.

A yau wani babban kaso na wannan koyo ya koma cikin wayar hannu. Ɗalibi yakan shiga zauren marubuta a WhatsApp ko Facebook, ya rubuta gajeren labari a gyara masa, ya tambayi ma'anar karin magana a ba shi amsa, ko ya fassara maƙala a Wikipedia ta Hausa. Sai dai idan shekaru huɗu suka cika, takardar sakamako ba ta nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Manufar wannan maƙala ita ce ta gabatar wa 'yan'uwa ɗalibai wata dabara ta adana irin wannan ilimi, wato kundin ayyuka na intanet. Za a dubi ma'anarsa da tushensa da yadda ake haɗa shi, sannan a kawo abubuwan da ya kamata a kiyaye.

2.0 Koyon Wajen Aji da Zaurukan Intanet

Abin da ake nufi da koyon wajen aji shi ne ilimin da mutum ke samu ba tare da manhaja ko jadawali ko jarrabawa ba. Masana biyu, Jean Lave da Etienne Wenger, sun yi bayaninsa a littafin da suka wallafa a 1991. Cikin misalan da suka kawo har da teloli na ƙabilun Vai da Gola a ƙasar Laberiya. Sun lura cewa ɗan koyo ba ya farawa da yankan yadi. Da guga da sa maɓalli yake farawa, daga nan ya kai ga ɗinki, sai daga ƙarshe a ba shi almakashi. Wato yana farawa ne daga gefe, da ƙaramin aiki na gaske, yana matsawa tsakiya sannu a hankali har ya zama gwani. Wanda ya taɓa zama a shagon tela a Nyanya ko Kubwa ba zai ji wannan bayani baƙo ba.

Haka zaurukan intanet suke tafiya. Sabon shiga yakan yi makonni yana karanta na wasu bai ce uffan ba. Daga baya ya fara tambaya, sai ya fara saka nasa rubutun, har wata rana a wayi gari shi ke gyara wa na baya. A Wikipedia ta Hausa, mutum yakan fara da sa ƙugiya a baƙin da aka manta, kafin ya kai ga ƙirƙirar maƙala sukutum. Abuja ma ba a bar ta a baya ba a wannan harka, domin a nan aka yi taron masu aikin Wikipedia na nahiyar Afirka, wanda ake kira Wiki Indaba, a watan Nuwamba na 2019. Akwai kuma shirin Common Voice da gidauniyar Mozilla ta fara a 2017, inda masu sa kai ke karanta jimloli a naɗi muryarsu, wasu kuma su saurara su tantance. Hausa na cikin harsunan da aka tara wa murya a wannan shiri.

3.0 Matsalar Wannan Koyo

Koyon wajen aji yana da rauni iri uku. Na farko, a warwatse yake. Gyaran da aka yi wa mutum yau a zaure, kafin jibi saƙonni ɗari sun binne shi. Idan aka sace waya ko ta lalace, shi ke nan an yi asara.

Na biyu, zauren ba namu ba ne, na kamfani ne, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A shekarar 2001 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya buɗe zauren Finafinan Hausa a dandalin Yahoo, inda aka daɗe ana tafka muhawara a kan fim da al'ada. A 2003 aka yi taron ƙara wa juna ilimi a kan finafinan Hausa a Kano, aka kuma buga takardunsa a littafi a 2004. Littafin yana nan a ɗakunan karatu. Shi kuwa kamfanin Yahoo, a ƙarshen 2019 ya fara share abubuwan da aka ajiye a zaurukansa, ya kuma rufe su gaba ɗaya a ranar 15 ga Disamba, 2020. Duk wani ɗan zaure a duniya da bai kwafe nasa ba, ya rasa. Haka nan an rufe Google+ a watan Afrilu na 2019, sannan gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022.

Na uku, ba shi da shaida. A Abuja akwai wuraren da ke buƙatar masu Hausa, kamar ofishin BBC Hausa, da jaridar Aminiya ta kamfanin Media Trust, da Muryar Nijeriya, da hukumomi da ƙungiyoyin da ke fassara sanarwar lafiya da ta zaɓe. Mai neman aiki zai ce ya iya, amma mai ɗauka yana son ya gani, domin gani ya kori ji. Wannan ya fi shafar wanda Hausa ba harshensa na farko ba ce, saboda sau da yawa da an ji sunansa ake fara shakkar Hausarsa tun bai buɗe baki ba.

4.0 Ma'anar Kundin Ayyuka da Tushensa

Kundin ayyuka, wanda ake kira fotfoliyo da Ingilishi, tarin zaɓaɓɓun ayyukan mutum ne da ya jera bisa tsari, kowanne da kwanan wata da bayanin abin da ya koya daga gare shi. Ya bambanta da kundin digiri, wanda bincike ne guda a kan batu guda. Ya kuma bambanta da takardar tarihin aiki, wadda ke lissafa abin da mutum ya ce ya yi ba tare da ta nuna aikin ba. Idan aka ajiye shi a kwamfuta ko a ma'ajiyar intanet, ya ƙunshi rubutu da murya da hoto, shi ne kundin ayyuka na intanet.

A fagen koyon harshe, fitaccen misali shi ne wanda Majalisar Turai ta ƙaddamar a 2001. Sassa uku gare shi. Akwai fasfon harshe, inda mutum ke faɗin matakinsa a kan ma'auni mai hawa shida, daga A1 zuwa C2. Akwai tarihin koyo, inda yake bayyana yadda ya koyi harshen da wurin da ya koya, a makaranta ko a waje. Akwai kuma jakar shaida, inda yake zuba ayyukan da ke tabbatar da abin da ya faɗa.

Amma ba sai mun je Turai za mu ga tushen abin ba. A shekarar 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa, ciki har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru, da littattafan da ya karanta a wurinsu. Karatun nan a zaure aka yi shi, ba jadawali, ba takardar sakamako. Saboda ya rubuta shi ne muka san shi bayan fiye da shekara ɗari biyu, har Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1957. Ijazar da malamin zaure ke bai wa almajirinsa da allon zayyana na mai sauka duk shaidu ne na karatun da ba a yi a aji ba. Ke nan abin da ya sauya shi ne ma'ajiyar: da gafaka ce, yau kuwa waya ce.

5.0 Yadda Ake Haɗa Kundin

Ba a buƙatar kuɗi ko wata manhaja ta musamman. Jami'o'i a wasu ƙasashe suna amfani da Mahara, wadda aka fara ginawa a ƙasar New Zealand a 2006, amma Google Drive, mai ba da gigabait 15 kyauta, ta ishi ɗalibi. Sai ya buɗe jakunkuna huɗu kamar haka:

(a) Tarihin koyo: shafi ɗaya ko biyu da ke bayyana harshensa na farko, da inda ya koyi Hausa, da karin harshen da ya fi ji, da zaurukan da yake ciki. A riƙa sabunta shi kowane zango.

(b) Ayyuka: fassara, gajerun labarai, maƙaloli, muryar da ya naɗa yana karatu ko hira, da kalmomin da ya tattaro daga masu sana'a.

(c) Gyare-gyare: rubutun farko, da gyaran da aka yi masa, da dalilin gyaran.

(d) Shaidun waje: adireshin aikin da aka buga, da takardar halartar bita, da 'yar wasiƙar edita ko shugaban zaure.

Kowane fayil a sa masa suna mai farawa da kwanan wata, misali 2025-03-14-fassara-rigakafi, domin su jeru da kansu. Muhimmin abu a mayar da shi PDF, sannan a ajiye kwafi na biyu a filashi ko katin waya.

Daga cikin jakunkunan nan, ta uku ce ƙashin bayan kundin. Dalili kuwa shi ne, tun da Google Translate ya sa Hausa a Disamban 2013, balle kuma bayan fitowar ChatGPT a 2022, kowa na iya fito da shafi mai kama da Hausa cikin minti ɗaya. Saboda haka gogaggen rubutu shi kaɗai ya rage daraja a matsayin shaida. Abin da ya fi wuyar ƙagawa shi ne sawun koyo na wata da watanni: kuskuren da aka yi a Maris, da gyaran da aka samu, da yadda kuskuren ya ɓace a rubutun Yuli. Ga misalin yadda wani ɗalibi zai cika shafi ɗaya:

Aiki: fassarar sanarwar rigakafi, an saka a zauren masu fassara.

Rubutun farko: Iyayen da sun kawo yaransu za su karɓa kati.

Bayan gyara: Iyayen da suka kawo yaransu za su karɓi kati.

Abin da aka koya: (i) a cikin ganga mai farawa da "da" ta dangantaka, shuɗaɗɗen lokaci na biyu ake amfani da shi, wato "suka" a maimakon "sun". (ii) "Karɓa" aikatau ne na giredi na biyu a rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960. Yana ƙarewa da -i kafin suna (karɓi kati), da -e kafin wakilin suna (karɓe shi), da -a idan babu karɓau a bayansa (abin da ya karɓa).

Abin yi: a nemo aikatau biyar masu wannan hali, kamar saya, nema, tambaya, zaɓa da taimaka, a gina jimla uku-uku da kowanne.

Idan ɗalibi ya tara irin wannan shafi guda talatin, zai ga kurakuransa sun kasu gida-gida. Wani zai tarar jinsi ne ke ba shi wahala, yana rubuta "motan malam" a wurin "motar malam". Wani baƙaƙe masu ƙugiya ne, ba ya raba "kafa" da "ƙafa" ko "baki" da "baƙi". Wani kuma rabon kalma ne, yana haɗa "ga shi" ta koma "gashi", ko ya kasa bambanta "a kan tebur" da "akan yi ruwa". Da ma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba. Wanda ya gane gidan da kuskurensa yake, ya san babin da zai buɗe a littafin nahawu na Galadanci na 1976 ko na Newman na 2000.

Ga muryar da aka naɗa kuwa, dabarar ita ce a zaɓi sakin layi guda, a karanta shi a farkon zango, a sake karanta shi a ƙarshe, a ajiye su gefe da gefe. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, saboda haka kunne ne kawai zai shaida ci gaban da aka samu a wannan fanni.

6.0 Gudummawar Zaure

Kundin na mutum ɗaya ne, amma jama'a ke cika shi. Mai son gyara mai amfani sai ya iya roƙonsa. Idan ka saka shafi biyar ka ce "a duba mini", yabo kawai za ka samu, irin su "ma sha Allah" da "Allah ya ƙara basira". Idan kuwa ka saka jimla uku ka ce "ina shakkar lokacin aikatau a ta biyu", za ka samu mai tsaya maka. Da zarar an ba da gyaran, a kwafe shi zuwa kundi a ranar, kada a bari ya kwana.

Wasu dandali suna ajiye shaida da kansu. A Wikipedia, duk gyaran da mutum ya yi da sunan da ya yi rajista yana nan a shafin gudummawarsa, da rana da lokaci, kuma kowa na iya ganin yadda maƙala take kafin ya taɓa ta da bayan ya taɓa. Wannan shaida ce da ba mai ita ya rubuta wa kansa ba. Saboda haka ya kyautu ɗalibi ya riƙe suna guda, ya kuma sa adireshin shafin a kundinsa.

Haka kuma, mutum uku ko huɗu 'yan aji ɗaya za su iya yin yarjejeniya su riƙa musayar kundi sau ɗaya a wata. A haɗa mai Hausar gado da mai Hausar koyo, domin kowa na da abin bai wa ɗan'uwansa. Na farko yana da kunne, yana jin jimla ta karkace ko da bai san dalili ba. Na biyu kuwa sau da yawa ya fi riƙe ƙa'ida, saboda da ita ya shiga harshen.

7.0 Abubuwan Kiyayewa

Na farko, ba kowane gyara ne daidai ba. Basakkwace zai ce "shina zuwa", Bakano ya ce "yana zuwa", kuma kowa ya yi daidai a karinsa. Kafin a shigar da gyara cikin kundi, a auna shi da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ko ƙamusun Bargery na 1934, ko a kai wa malami. Idan bambancin karin harshe ne, a rubuta haka, domin shi ma ilimi ne.

Na biyu, amanar mutane. Hoton hirar zaure yakan fito da sunaye da lambobin waya, don haka a goge su kafin a ajiye. Kada a naɗi muryar mai kayan miya a kasuwa ko wata dattijuwa a unguwa sai an gaya musu abin da za a yi da ita sun kuma yarda. Ban da kasancewar haka ladabi, akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, wadda ta kafa hukuma mai kula da wannan a Abuja.

Na uku, haƙƙin mallaka. Abin da aka rubuta a Wikipedia kowa na da izinin ɗauka ya yi amfani da shi muddin ya ambaci tushe, kuma muryar da aka bayar a Common Voice ta zama ta jama'a. Mai shirin buga labarinsa a littafi sai ya yi tunani kafin ya baza shi duka a zaure.

Na huɗu, gaskiya. Idan aikin haɗin gwiwa ne, a faɗi ɓangaren da aka yi. Idan an fara da fassarar na'ura ne, a ajiye abin da na'urar ta bayar da abin da aka mayar da shi. Iya gyara fassarar na'ura ma ƙwarewa ce da ake nema a yau.

Na biyar, zaɓe. Kundi ba juji ba ne. Jakar gyare-gyare ta mai ita ce da malaminsa. Wanda za a nuna wa mai ɗaukar aiki kuwa, ayyuka shida zuwa takwas sun isa, tare da misali ɗaya ko biyu na yadda aiki ya tashi daga rubutun farko zuwa na ƙarshe.

8.0 Aikin Gwaji

Ga aikin mako huɗu ga mai son farawa. A mako na farko, ya buɗe jakunkunan nan huɗu, ya rubuta tarihin koyonsa cikin kalmomi 300. A na biyu, ya fassara sakin layi guda, ya kai zaure da takamaimiyar tambaya, ya cika shafin gyara irin na sashe na 5.0. A na uku, ya yi rajista a Wikipedia ta Hausa, ya gyara ƙa'idojin rubutu a maƙala uku da suka shafi garuruwan da ya sani, kamar Kuje ko Bwari ko Abaji ko Kwali. A na huɗu, ya naɗi muryarsa ta minti biyu, sannan ya ba abokin karatunsa kundin ya duba.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa Hausar da ake koya a zaurukan intanet ilimi ce ta gaske, sai dai a warwatse take, a gidan aro take zaune, kuma ba ta da shaida. An nuna cewa kundin ayyuka yana magance waɗannan matsaloli uku, kuma jakar gyare-gyare ce mafi muhimmanci a cikinsa, domin ita ce ke koyar da mai kundin, ita ce kuma ke gamsar da mai dubawa. Shawara ga 'yan aji ɗaya ita ce su fara tun yanzu, kada su jira sai sun dawo daga hidimar ƙasa suna neman aiki. Ga ƙungiyar ɗalibai kuma, zai yi kyau ta ware rana guda a kowane zango da za a baje kundaye a gaban malamai, a yi gyara, a ƙaru da juna. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.